Furfurar Pu Kam

Ni dai ban iya waƙa ba, kowa a cocinmu na Serchhip ya san haka. Shi ya sa da zumuntar matasa ta fara shirin zuwa bakin iyaka wajen 'yan gudun hijira, ban ce zan je ba. Me zan je in yi? Ga masu jita, ga masu koyar da yara, ga samari masu ƙarfin ɗaukar kwanon rufi da itacen gora. Ni Zuali, almakashi da mataji kawai na sani, a shagon gyaran gashi na ƙanwar babata nake aiki.

U Dinga ne, wato Yaya Dinga a harshenmu, ya biyo ni har shago. Shi ne shugabanmu, malamin lissafi ne, mutumin kirki, amma in ya tsara abu ba ya son a kauce ko kaɗan. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Zuali, an ce ƙwarƙwata ta gama da kawunan yaran can. Ki haɗa kayan aikinki."

"U Dinga, ai ban ce zan je ba."

"Na sani. Ranar Asabar da sassafe, a bakin coci."

Haka na tsinci kaina a bayan mota, an matse ni tsakanin buhun shinkafa da aminiyata Sangtei, wadda bakinta ba ya hutawa. Muka yini muna kewaya duwatsu. Muka wuce Champhai, kwalta ta ƙare, rabinmu suka yi amai, sauran suna ta rera waƙa.

Ƙauyen da muka sauka yana kan tudu. In ka leƙa ƙasa za ka ga kogin Tiau, a tsallakensa kuma ga duwatsun ƙasar 'yan gudun hijirar, kusa ƙwarai, har kana hango hayaƙin gonaki. Mutanen Chin ne, danginmu ne dama, harshe ya ɗan bambanta amma muna jin juna. Da yaƙi ya koro su, mutanen ƙauyen suka ba su fili a bayan filin ƙwallo, suka kafa bukkokin gora suka rufa da tamfol. Damina biyu ta bi ta kan tamfol ɗin, duk ya yayyage.

Washegari bayan sujada U Dinga ya raba aiki. Samari su hau rufi, su cire tamfol su sa kwano. Sangtei da 'yan mata su tara yara su koya musu waƙa da wasa. Ni kuma aka ba ni kujera ɗaya a gindin wata bishiyar mangwaro, da bokiti, da sabulu.

Da farko yaran sun ƙi zuwa. Suna tsaye daga nesa suna kallon almakashi kamar zan yanke musu kunne. Sai Sangtei ta janyo ɗaya daga cikin samarinmu ta zaunar da shi, na aske masa rabin kai, ta ce ya tashi haka ya zaga fili. Yara suka bi shi suna ihu suna dariya. Kafin ya dawo an yi layi. Na wanke, na taje, na aske, har yatsuna suka ƙage. Uwaye suna kawo min shayi, ina sha a tsaye. Ban taɓa gajiya irin ta ranar ba, ban kuma taɓa jin daɗin aikina haka ba.

Akwai wani tsoho da yake zuwa kullum ya zauna a kan saiwar bishiyar, yana tauna kuhva, wani irin goro namu da ake naɗewa a ganye, bakinsa ja wur, kansa fari fat. Siriri ne, dogo, yana ɗan ɗingishi. Ba ya cewa komai, sai dai in yaro ya yi kuka ya yi masa kukan akuya har ya yi dariya. Pu Kam ake ce masa, don a wurinmu Pu ake kiran dattijo, Pi kuma dattijuwa.

Rannan da yamma, da layi ya ƙare, ya dubi hagu da dama, ya zo ya zauna a kujerar.

Na ce, "Pu, a rage ne ko a aske duka?"

Ya yi ƙasa da murya. "'Yata, ba ki da abin nan da ake shafawa gashi ya koma baƙi?"

"Dayis?"

"Kar ki ɗaga murya mana!"

Ai ya makara. Sangtei tana bayan bishiya tana wanke kofuna, ta ji. Ta leƙo ta ce, "Kai, Pu! Wace ce?"

"Wace ce me?"

"Ba a rina furfura don kaji su gani. Faɗa mana, ba za mu gaya wa kowa ba sai duk wanda muka haɗu da shi."

Tsoho ya yi dariya har ya ƙware. Ya tofar da kuhva, ya goge baki, sannan ya ba mu labari.

Ya ce ranar da suka baro gari ba wanda ya ɗauki abin kirki. Shi akuyarsa ya jawo, ita ma a hanya ta tsinke igiya ta gudu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa mata suna aiki a ƙasar waje, don haka shi kaɗai ya taho. Da suka iso bakin Tiau ruwa ya kai ƙugu. Sai ga wata mata, Pi Tial, da jika a goye, ga ƙunshi a ka. Ɗanta ya koma baya ya taimaki matarsa mai tsohon ciki.

"Na ce ta ba ni yarinyar in haye da ita. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, 'Kai da kanka ai ɗauka kake buƙata.' Amma ta ba ni. A tsakiyar ruwa dutse ya tsaga min ƙafa, ban dai saki yarinyar ba. Da muka haye ta zaunar da ni ta ɗaure ƙafar da ganye, tana ɗaurewa tana yi min faɗa, wai ban iya tafiya ba. Tun daga ranar take aiko min da abinci. Tun daga ranar kuma take min faɗa."

Sangtei ta ce, "Ka faɗa mata?"

"Na faɗa. Ta ce ta yarda."

"To me ya rage?"

Ya murza gwiwa. "Ɗanta, Lian Uk. Ya ce bai yarda ba. Ita kuma ta ce ba za ta raba gida biyu a ƙasar mutane ba. Shi ne na ce ko in na ɗan yi kyan gani..." Bai ƙarasa ba, ya shafa kansa.

Lian Uk mun san shi. Shi ne wanda ya fi kowa aiki a kan rufi, kafinta ne tun a gida, ba ya dariya, ba ya hutawa. Samarinmu tsoronsa suke ji.

Da muka zauna cin abinci Sangtei ta kwashe labari ta gaya wa U Dinga. Ya ajiye cokali ya ce, "Ku fita daga wannan maganar. Aikin Ubangiji muka zo yi, ba dalilin aure ba."

Sangtei ta ce, "To shi auren aikin wane ne?"

Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da cin abinci. Amma da direbanmu zai tafi Champhai sayo ƙusa, na ce ya nemo min dayis, U Dinga yana ji bai hana ba.

Tsofaffin mata kunya suke ji su zauna a gindin bishiya a gaban yara, don haka nakan bi su gida. Da na je bukkar Pi Tial na same ta tana saƙa, ta ɗaura zaren a ƙugu ta tokare ƙafa da gungume. Gajeriya ce, mai kauri, idonta kamar na mai neman laifi. A gefen bukkar ta shuka ganyen miya da kabewa, har kabewar ta hau rufi.

Ta ce, "Ke ce mai askin? Na ji tsohon nan ya je ya zubar da mutuncinsa a wurinki."

"Bai ce komai ba, Pi."

"Ƙarya ba ta yi miki kyau. Zo ki wanke min kan nan."

Gashinta dogo ne har gadon baya. Na wanke, ina cikin tajewa sai ga Lian Uk ya sauko daga aiki zai ci abinci. Ya gan ni, ya ga yadda uwarsa take murmushi, ya gane.

Ya ce, "Ka nu," wato Inna, "har baƙi ma sun ji?"

"Wace ce baƙuwa? Wadda ta cire wa 'yarka ƙwarƙwata?"

"Mutane dariya za su yi mana. Muna zaune a filin aro, muna cin shinkafar taimako, a ce kuma kina aure."

"Su yi dariyar. An daɗe ba a yi ta ba a nan."

Na so in tashi, ta danne min hannu. Lian Uk ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya mana baya yana kallon tsallaken kogi. Da ya sake magana muryarsa ta canza.

"Kabarin babana yana can. Gidanmu yana can, ko da toka ce ta rage. In kika yi aure a nan, kin ce ke nan mun zauna. Kin ce ba za mu koma ba."

Pi Tial ta ce, "Lian, zo nan." Bai zo ba. Ta ci gaba. "Ni na binne ubanka, ba sai ka tuna min inda yake ba. Ranar da hanya ta buɗe ni ce a gaba, tsohon nan yana biye da ni da kayana a ka. Amma yaushe ne? Ka sani? Ni ban sani ba. Bara na ƙi shuka komai, na ce ai tafiya za mu yi. Muka ci shinkafa gaya har damina ta wuce. Bana na shuka. Matarka ta haihu a nan, ba ka ce wa jaririn ya jira sai mun koma ba. Ni kaɗai ce zan jira?"

Lian Uk ya ɗauki gudumarsa ya fita, abincin ma bai taɓa ba.

Na ce, "Pi, ko zuwana ne ya ɓata?"

"Taje min, 'yata, kar ki tsaya. Ubansa ma haka yake, sai ya yi fushi da cikinsa tukuna."

Washegari, da U Dinga ya raba aiki, sai ya ce bukkar Pu Kam ce za a rufa, kuma Lian Uk ne zai ja aikin. Sangtei ta zungure ni. Daga baya ta tsare U Dinga ta ce da gangan ya yi. Ya ce shi tsari ya bi. Har yau haka yake cewa.

Samarin da suka yi aikin ne suka ba mu labari. Sun ce da aka yaye tamfol, komai na tsohon ya fito fili: gadon gora, bargo ɗaya, tukunya ɗaya, da gwangwanaye da ya jera inda ruwa yake zuba. A kan gadon ga wani ɗan takalmin yarinya da yake ɗinkewa. Lian Uk ya gane na 'yarsa ne. Wai ya daɗe a sama yana kallon ƙasa. Pu Kam kuwa yana ta miƙa masa ƙusa. Da aka gama, Lian Uk ya sauko ya girgiza ƙafar gadon ya ce, "Wa ya haɗa wannan?" Tsoho ya ce shi ne. Lian Uk ya ce, "An gani." Ya zauna ya warware shi ya sake haɗawa.

Da la'asar ina share gashi a gindin bishiya sai na ji an zauna a kujera. Na juyo, Lian Uk ne, duk ƙurar gora a kansa. Na yafa masa zane, na fara aski. Na kusa gamawa ya yi gyaran murya.

"Mutumin da zai je auren uwarsa, wane irin aski ake masa?"

Almakashi ya kusa faɗuwa daga hannuna. Na ce, "Irin wannan ɗin dai, U Lian."

"To ki gyara bayan da kyau. Mutane za su kalla."

Kafin rana ta faɗi labari ya gama sansanin. Fastonsu, wanda tare suka gudo, ya ce shi ya daɗe yana jira, a ɗaura ranar Alhamis tun muna nan. Alhamis ɗin ce U Dinga ya ware don taron bankwana, da jawabai da rabon kyauta. Muka zuba masa ido. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "To, a haɗa." Mutanen ƙauye suka ji, dattawan cocinsu suka ce su za su kawo alade.

Ni na ɗauka maganar dayis ta wuce, tunda buƙata ta biya. Ina! Ana gobe biki Pu Kam ya zo ya zauna, ya ce ina alkawari.

"Pu, furfurar nan ta yi maka kyau. A bar ta."

"Ango ne ni ko kakan ango? Shafa."

Iri ɗaya direba ya samo, baƙi ƙirin. Na shafa, muka jira, na wanke. Da na ɗago kansa sai na ciji leɓe. Gashi ya yi baƙi wuluk kamar gindin tukunya, gira da gashin baki suna nan fari tas, ga baki ja. Na miƙa masa madubi. Ya juya dama, ya juya hagu, ya ce, "Ai shi ke nan, na koma talatin."

Sangtei ta faɗi ƙasa tana riƙe ciki. Yara suka taru suka raka shi har ƙofar Pi Tial, mu ma muka bi. Ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya, ta ƙare masa kallo.

"Wane ne wannan?"

"Ni ne mana."

"Ni tsoho na ce zan aura. Ina kuka kai min shi?"

Fuskarsa ta faɗi. Ya ce, "In ba ki so sai a aske."

"Bar shi. Yanzu na ga yadda kake da kana saurayi. Na gode wa Allah da ban haɗu da kai a lokacin ba." Ta juya za ta shiga, kafaɗunta na rawa don dariya, ta ce, "Shigo ka ci abinci, ɗan saurayi."

Ranar Alhamis tun da safe hayaƙi ya tashi a filin ƙwallo. Samari suka gyara alade, aka ɗora manyan tukwane, aka dama faten shinkafa da nama, aka yi miyar ganye da kabewar Pi Tial. Ni ina bukkarta ina naɗe mata gashi. Ta ɗaura zanen da ta saƙa da hannunta, ja da baƙi. Jikarta ta tsinko furanni a bakin hanya na soka wa amarya a ka. Na ba ta madubi, ta ture ta ce ta san fuskarta, amma da na juya na ga ta ɗauka tana leƙawa.

Cocin ƙauyen bai ɗauke mu ba, wasu a taga suka tsaya. Lian Uk ne ya riƙo hannun uwarsa ya kawo ta gaba. Da fasto ya zo addu'a, ya ambaci waɗanda aka baro a tsallake, da waɗanda suka rasu a hanya, da waɗanda ba a san inda suke ba. Coci ya yi tsit, sai shessheka nan da can. Na ga Pu Kam ya sunkuyar da baƙin kansa, Pi Tial ta kama masa hannu tun ba a ce ta kama ba.

Sannan yara suka tashi da waƙar da Sangtei ta koya musu. Rabinsu sun manta baiti na biyu, suka koma na farko da ƙarfi. Aka buga ganga, tsofaffin mata suka fito tsakiya suna juyi da hannuwa a sama, hawaye bai bushe musu ba. Aka jawo U Dinga, ya yi wata rawa kamar mai kashe wuta da ƙafa. Ni ma na yi waƙa, ba wanda ya ji muryata a cikin hayaniyar.

A wajen cin abinci Lian Uk ya zuba nama a faranti ya kai wa tsohon da kansa. Ya ɗan tsaya, kamar yana neman sunan da zai kira shi da shi. Daga ƙarshe ya ce, "Pu, ka ci da yawa. Kaya za ka ɗauka in za mu koma."

Tsoho ya ce, "In ɗauki kaya, in ɗauki uwarka."

Pi Tial ta ce, "Ka fara ɗaukar farantin tukuna, kana zubar da romo."

Da gari ya waye muka ɗaure kayanmu a kan motoci. Yara suka kewaye mu, kowa da sabon aski, suna riƙe mana riga. Wata uwa ta cusa min dafaffen masara a jaka. Na ce bari in je in yi wa amarya sallama.

Na same su a ƙofar bukkar Pu Kam, ƙarƙashin sabon kwano. Har ta kwaso tukwanenta ta jera. Shi yana shara, ita tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne da kofin shayi, tana nuna masa da yatsa.

"Ba haka ake yi ba. Kana mayar da ita ciki."

"Shekara nawa ina share ɗakina?"

"Shi ya sa yake haka."

Ta gan ni ta ce in zo. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta yi min addu'a da harshensu, doguwa, ban ji rabinta ba. Da ta gama ta ce, "Ki gaida uwarki. Ki riƙa cin abinci, kin rame." Pu Kam ya jingina tsintsiya ya raka ni har bakin fili yana ɗingishi.

Direba ya danna ham. Na shiga na matsa kusa da Sangtei, mota ta fara gangarawa, yara suna bin mu da gudu har kwanar farko.